CIWON HUHU MAI KOMOWA

1. Huhu da aikinsa

Kowane mutum yana da huhu biyu cikin ƙirjinsa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Haƙarƙari ya kewaye su, yana tsare su kamar yadda darni ke tsare garka. Huhun dama ya kasu kashi 3, na hagu kashi 2, domin zuciya ta ɗauki wuri a wajen hagu.

In mutum ya shaƙi iska, tana bi ta hanci, ta sauka maƙogwaro, ta shiga wani bututu. Bututun nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Kowane reshe kuma ya sake rabuwa ƙanana ƙanana, kamar itacen da aka kifa, gindi sama, rassa ƙasa. A ƙarshen rassan akwai ƴan jakunkuna waɗanda ido ba ya iya gani. A huhun babban mutum sun fi miliyan 300. Nan ne jini ke karɓar iska mai amfani, wadda ake kira oksijen, ya bar iskar da jiki ya gama da ita ta fita waje.

Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, yana numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti ɗaya. Yara sun fi manya saurin numfashi, jarirai kuma sun fi kowa.

2. Mene ne ciwon huhu?

Ciwon huhu shi ne wanda waɗansu ke kira ciwon haƙarƙari, waɗansu kuma ciwon awazu. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. In suka sauka cikin huhu suka hayayyafa, ƴan jakunkunan nan sai su cika da ruwa da mugunya. Jakar da ta cika ba ta karɓar iska. Jiki ya rasa oksijen, sai maras lafiya ya riƙa numfashi da sauri don ya samu abin da zai ishe shi.

Mutane da yawa suna cewa sanyi ne ke kama haƙarƙari. Gaskiya ne ciwon yana yawa lokacin ɗari. A lokacin nan iskar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta cika gari, mutane suna cunkushe cikin ɗaki a rufe, ga hayaƙin wutar jin ɗumi. Waɗannan duka suna buɗe ma cuta hanya. Amma ƙwayar cuta ita ce mai ɓarna, tana kuwa bi ta tari da atishawa da hannu maras wanki.

Ciwon huhu ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2019 ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 700.000 a duniya. Da yawansu da sun rayu in an kai su gidan likita da wuri.

3. Yadda ake gane shi

Mura da ciwon huhu suna iya farawa iri ɗaya: tari, majina, zafin jiki. Abin da ke raba su shi ne numfashi. Wanda ke da agogo, ya kuwa iya ƙidaya, yana iya dubawa.

A bari yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. A ɗaga rigarsa, a dubi cikinsa. Duk tashi ɗaya da sauka ɗaya numfashi guda ke nan. A ƙidaya har minti ɗaya cikakke. Numfashi ya yi sauri:

in jariri bai kai wata 2 ba, ya yi 60 ko fiye;
in yana tsakanin wata 2 da wata 11, ya yi 50 ko fiye;
in yana tsakanin shekara 1 da shekara 5, ya yi 40 ko fiye.

Alama ta biyu ita ce lotsawar ƙirji. Mai lafiya in ya ja iska, ƙirjinsa yana buɗewa. Mai ciwon huhu kuwa, ƙasan haƙarƙarinsa yana shiga ciki lokacin da ya ja iska.

Akwai kuma alamun haɗari. In an ga ko ɗaya cikinsu, ba a jiran gari ya waye: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana aman duk abin da aka ba shi, yana suma ko jijjiga, ya yi laushi, ba ya farkawa sosai, numfashinsa yana ƙara ko yana nishi, leɓɓansa sun canza launi.

4. Ƙwayoyin cuta iri biyu

Ƙwayoyin cutar da suka fi kama hanyar numfashi iri biyu ne: bakteri da birus.

Bakteri halitta ce mai rai, ƴar mitsitsiya, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu don ta hayayyafa. Ana ganinta da madubin likita. Wadda ta fi kawo ciwon huhu mai tsanani ga yara sunanta nimokok. Masanin nan na Faransa, Luwi Pastor, yana cikin waɗanda suka fara ganinta a shekarar 1881.

Birus ya fi bakteri ƙanƙanta nesa. Ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya shiga cikin naman jikin mutum ya ɓuya. Shi ne ke kawo mura da ƙyanda, da mafi yawan tarin da yara ke yi. Yana iya kawo ciwon huhu shi ma.

Antibiyotik magani ne mai kashe bakteri ko ya hana ta hayayyafa. Na farko da ya yi suna shi ne penisilin. Wani likita mai suna Alekzanda Filemin ya gano shi a birnin Landan a shekarar 1928. Ya ga fumfuna ta fito cikin wani faranti inda yake kiwon bakteri, duk bakterin da ke kewayen fumfunar kuwa sun mutu. Bayan 1940 aka fara yin maganin da yawa. A zamanin da, mai ciwon huhu ba shi da abin da zai kashe mishi cutar, sai jinya da ƙarfin jikinsa.

Antibiyotik yana aiki ta hanyar fasa bangon bakteri, ko ya lalata kayan aikin da ke cikinta. Birus ba shi da wannan bango, ba shi da waɗannan kayan aiki. Saboda haka ko mai mura ya sha antibiyotik kwali guda, bai taɓa birus ɗin ba. Tarkon ɓera ba ya kama sauro.

5. Yaushe antibiyotik ya dace?

Likita ne ke yanke wannan magana bayan ya duba maras lafiya. Ga yadda ake yi a gidajen likita.

In yaro yana tari da majina, amma numfashinsa daidai, ƙirjinsa bai lotsa ba, yana ci yana wasa, mura ce. Ba ya bukatar antibiyotik. A ba shi ruwa da kunu mai ɗumi, a ci gaba da ba shi nono, a share mishi hanci. Yaron da ya wuce shekara 1 ana iya ba shi zuma da lemun tsami. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma. Mura tana wucewa da kanta cikin mako ɗaya ko biyu.

In numfashi ya yi sauri, ko ƙirji yana lotsawa, ana ɗaukarsa ciwon huhu ne. A ƙaramin gidan likita babu kayan da za su nuna nan take ko bakteri ce ko birus ne. Da yake bakteri tana kisa da sauri, sai a ba yaron antibiyotik. Wanda aka fi bayarwa shi ne amoksisilin, ƙwaya mai narkewa cikin ruwa kaɗan ko cikin nonon uwa, ko kuma siro. Ana sha safe da maraice, mafi yawa kwana 5. Yawan abin da za a ba yaro yana bin nauyinsa da shekarunsa, shi ya sa ake aza shi bisa sikeli tukuna. In jikinsa da zafi, ana ɗibar ɗigon jini a yatsa a gwada, domin zazzaɓin sauro ma yana sa numfashi sauri.

In akwai alamar haɗari, ko kuma jariri ne sabon haihuwa, ana tura shi asibiti. Can za a yi mishi allurar antibiyotik, a sa mishi oksijen in yana bukata.

Likita yana faɗin ranar da za a komo da yaro. In kwana 2 ko 3 suka wuce bai ji sauƙi ba, ko ciwon ya ƙaru, a mayar da shi ba tare da jiran wannan rana ba.

6. Labarin wani auta

Ga wani misali.

A wani ƙauye akwai wani yaro ɗan shekara 2, autan uwarsa. Bayan an cire gujiya da kaka, sai ya fara tari da zafin jiki. Aka kai shi gidan likita. Majo ya ƙidaya numfashinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya ba da amoksisilin. Yaro ya sha kwana 5, ya warke.

Bayan wata ɗaya ciwo ya komo. Uban ya ce: «Ai mun san maganin, ba sai an yi tafiya ba.» Ranar kasuwa ya sayo kafso huɗu wurin mai tebur. Aka ba yaro kwana biyu, zafin jiki ya sauka, aka bari. Tari kuwa bai tafi ba. Kakarsa ta ce a kira wanzami ya yi mishi tsaga a haƙarƙari. Aka yi, tari yana nan.

Da ɗari ya yi tsanani, ciwo ya komo karo na uku. Yaro ya rame, ba ya son abinci. Uwar ta goya shi, yayarsa ƴar makaranta ta riƙo karne, kaka ta bi su, suka koma wurin majo.

Majo ya duba littafinsa, ya saurari ƙirjin yaro, ya ce ma kaka: «Iya, wancan karo ma a wajen dama na ji ciwon, ƙasa ƙasa. Yau ma nan ne. Ciwon da ke komowa wuri guda, da abin da ke kiransa. Akwai mai tsohon tari a gidanku?»

Kaka ta ce: «Babu, ɗana.»

Majo ya ce: «Yaron bai taɓa shaƙewa da wani abu ba?»

Uwar ta ce ba ta sani ba. Sai yarinya ta ce: «Inna, ran da ake ɓarar gujiya, ina ba shi yana ci, sai ya yi dariya ya shaƙe. Ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Daga baya ya yi shiru, na ce ya wuce.»

Majo ya ce: «Madalla, ƴata. Kin faɗi abin da ake nema.»

Ya ba da antibiyotik don ciwon da ke ci yanzu, ya kuma rubuta takarda zuwa babban asibiti. Can aka ɗauki hoton ƙirjin yaro. Likitoci suka sa shi barci, suka zura wani siririn bututu mai fitila cikin hanyar numfashinsa, suka fito da rabin gujiya. Ita ce ta toshe reshe ɗaya na huhun dama. Majina ta riƙa taruwa bayanta, bakteri suna samun wurin zama. Antibiyotik yana kashe su, gujiya tana nan, waɗansu su sake zuwa. Tun da aka cire ta, ciwon bai komo ba.

7. Me ke sa ciwon huhu komowa?

Likitoci suna cewa ciwon huhu mai komowa ne in ya kama mutum sau 2 cikin shekara ɗaya, ko sau 3 a rayuwarsa, yana warkewa tsakani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin likita a nan shi ne ya nemi tsagar. Ga waɗanda aka fi samu:

Abin da ya maƙale. Gujiya, wake, ƙwallon magarya, dutsen ado ko guntun abin wasa. Ya fi faruwa ga yara ƴan ƙasa da shekara 3, ya kuma fi faɗawa wajen dama, domin reshen dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa.

Tamowa. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, jininsa ba ya da ƙarfin faɗa da cuta. Ciwo yana ramar da shi, rama tana jawo wani ciwo.

Hayaƙi. Cikin hanyar numfashi akwai ƴan gasu ƙanana masu share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Hayaƙin itace, da na kara, da na kashin shanu, da na taba yana raunana su. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa gaban murhu yana shaƙar abin da take shaƙa.

Ƙyanda. Tana karya ƙarfin jikin yaro, ta bar shi wata da watanni cuta kaɗan tana kayar da shi.

Tarin fuka. Bakteri ce ke kawo shi, wadda Robat Kok, likitan Jamus, ya gano a shekarar 1882. Amma amoksisilin ba ya kashe ta. Tana da nata magunguna da ake haɗawa, ana sha kamar wata 6. Duk tarin da ya wuce mako 2, da rama da gumin dare, a je a gwada. In babba a gida yana da shi, a duba yaran gidan duka.

Asma. Hanyoyin iska ne ke tsukewa, ƙirji ya riƙa fito. Sau da yawa ana ɗaukarta ciwon huhu ce mai komowa. Maganinta na shaƙa ne, mai buɗe hanyar iska.

Ciwon sikila. Ana gadonsa daga uwa da uba. Yaran da ke da shi, nimokok tana kama su da sauƙi. Gwajin jini ne ke nuna shi.

Sida, da ciwon zuciya na haihuwa, da wuyar haɗiya wadda ke sa nono ko kunu bin hanyar iska, su ma suna cikin dalilai. Ga manya kuwa akwai shan taba, da shan giya, da ciwon sukari, da tsufa.

Kowane dalili da nasa magani. Shi ya sa likita ke yawan tambaya, yana auna nauyi, yana neman hoton ƙirji ko gwajin jini da na kaki. Karnen lafiya yana taimakonsa ƙwarai, domin a ciki ake ganin sau nawa ciwon ya zo, da maganin da aka bayar. A adana shi, a riƙa zuwa da shi.

Akwai yaran da likita ke ba antibiyotik kullum ko ba su kwance. Masu sikila ana ba su penisilin tun suna jarirai har su kai shekara 5, masu sida kuma ana ba su kotrimoksazol. An auna haɗarin da suke ciki ne aka yanke haka, likita kuma yana bin su. Wannan bai ba kowa izinin ba ɗansa magani don tsoron kada ciwo ya zo ba.

8. Haɗarin shan antibiyotik barkatai

A kasuwa da tasha ana ganin masu tebur da masu tallar magani bisa kai. Suna sayar da kafso ɗai ɗai. Mai saye bai san sunan maganin ba, bai san ko ya lalace da rana ba, bai san ko jabu ne ba. Mai sayarwa kuma bai duba maras lafiya ba.

Haɗari na farko yana kan wanda ya sha. Antibiyotik yana iya sa zawo, domin yana kashe har bakteri masu amfani da ke cikin hanji. Waɗansu mutane jikinsu ba ya karɓar penisilin: ƙuraje su fito, fuska ta kumbura, numfashi ya toshe. Wani iri mai suna tetrasikilin yana ɓata haƙoran yara ƴan ƙasa da shekara 8. Bayan wannan, magani kaɗan yana kwantar da zafin jiki ya ɓoye ciwo, iyaye su sake jiki, ainihin dalili yana nan yana ci.

Haɗari na biyu ya shafi gari duka. Cikin dubban bakteri akwai masu rauni, akwai ƴan kaɗan masu taurin kai. In aka sha magani bai isa ba, ko aka sha shi ba da dalili ba, masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira. Fili ya zama nasu, su hayayyafa. Manomi ya san wannan: in ya yi noma ya bar tushen ciyawa mai ƙarfi, ita ce za ta cika gona in an sake ruwa. Bakterin da suka tsira sun saba da maganin, ba ya ƙara kashe su. Daga nan su bi tari su kama ƙane, su kama maƙwabci. Ran da aka kai wannan maƙwabci gidan likita, maganin da aka sani ba ya yi mishi aiki, sai an nemo wani mai tsada, wanda watakila babu shi kusa.

Filemin da kansa ya yi gargaɗi bisa wannan a shekarar 1945, lokacin da aka ba shi lambar girma ta Nobel. Abin da ya ji tsoro ya faru. Masana sun ƙidaya cewa a shekarar 2019 bakteri masu ƙin magani sun kashe mutum fiye da miliyan ɗaya a duniya.

Saboda haka antibiyotik yana da dokoki:

Ba a shansa sai likita ya rubuta.
Ana sayensa a farmasi ko a karɓa a gidan likita.
Ana shan yawan da aka faɗa, a lokacin da aka faɗa, har kwanakin su cika, ko an ji sauƙi.
Ba a raba na yaro ɗaya ga yara biyu.
Ba a ajiye saura don wani ciwo.
In ƙuraje ko kumburi suka fito, a tsaida shi, a koma wurin likita nan da nan.

9. Rigakafi ya fi magani

Allurar rigakafi tana tsare yara daga manyan masu kawo ciwon huhu. A Nijar an fara allura mai haɗa rigakafin cuta 5 a shekarar 2008, an ƙara ta nimokok a shekarar 2014. Ana yi ma jariri su yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Ta tarin fuka ana yinta da haihuwa, ta ƙyanda kuma daga wata 9. A shekarar 2006 ne gwamnati ta yanke a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita nata, don kada rashin kuɗi ya tsaida iyaye.

Nonon uwa zalla har wata 6 yana ba jariri ƙarfi. Bayan nan a ƙara mishi kunu mai kauri da wake, da ƙwai, da ganye, da ƙulli-ƙulli dakakke, ana ci gaba da nono. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga, a nisanta jariri daga murhu. Kada a sha taba kusa da yara. A wanke hannu da sabulu, mai tari ya rufe bakinsa.

Ƴan makaranta suna da nasu aiki, domin su ne ke renon ƙannensu. Kada su ba ƙaramin yaro gujiya ko wake guda guda. In yaro ya shaƙe da wani abu, su faɗa ma manya ran nan, ko da tarin ya tsaya. In ƙane yana tari, su ari agogo su ƙidaya numfashinsa.

ABIN RIƘEWA

Saurin numfashi da lotsawar ƙirji su ne alamun ciwon huhu. Antibiyotik yana kashe bakteri, ba ya kashe birus, don haka ba maganin mura ba ne. Likita ne ke faɗin lokacin da ya dace. Ciwon huhun da ya komo yana da dalili: a koma gidan likita da karne a nemo shi.

MA'ANAR KALMOMI

Oksijen: ɓangaren iska wanda jiki ke rayuwa da shi.
Nimokok: bakterin da ta fi kawo ciwon huhu mai tsanani ga yara.
Majo: malamin jinya mai shugabantar ƙaramin gidan likita.
Karne: ɗan littafin da ake rubuta allurai da jinyar yaro a ciki.
Tamowa: ciwon rashin abinci mai gina jiki.
Barkatai: ba tsari, ba doka.

TAMBAYOYI

1. Me ke faruwa cikin huhu in ciwon huhu ya kama mutum?
2. Yaya ake ƙidayar numfashin yaro?
3. Ku faɗi alamun haɗari guda 4.
4. Don me antibiyotik ba ya warkar da mura?
5. Me ya sa ciwon auta ya riƙa komowa wajen dama?
6. Wane taimako yayarsa ta yi?
7. Ku faɗi dalilai 5 da ke sa ciwon huhu komowa.
8. Yaya shan magani barkatai ke cutar da maƙwabci?

LISSAFI

a) Wata jaririya mai wata 8 tana numfashi sau 46 cikin minti ɗaya. Wani yaro mai shekara 3 shi ma sau 46. Wanne cikinsu numfashinsa ya yi sauri?

b) Likita ya ce a ba yaro ƙwaya 2 da safe, 2 da maraice, har kwana 5. Ƙwaya nawa ake bukata? In an bari bayan kwana 2, ƙwaya nawa suka rage ba a sha ba?

AIKI

1. Ku zauna biyu biyu. Kowa ya ƙidaya numfashin abokinsa minti ɗaya. Ku yi gudu ku kewaye makaranta, ku sake ƙidayawa. Ku rubuta abin da kuka samu.
2. Ku zana huhu biyu da rassansu, ku rubuta sunayen sassan da Hausa da Faransanci.
3. A gida, ku nemi izini ku duba karnen ƙanenku ko ƙanwarku. Waɗanne allurai aka yi, waɗanne suka rage? Ku karanta ma iyayenku dokokin antibiyotik guda 6.